Wa Ke Taɓa Hantsakin Gam?

Jini na biyu ya fita ne ranar Talata da hantsi, a yatsan zobe na Misis Pruitt. Ɗigo ɗaya ne tak, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Gam ta yi maza ta danne shi da auduga, ta ɗiga magani, ta yi ta ba da haƙuri da ɗan Turancinta, matar kuma ta ce ba komai, ai ita ce ta motsa. Ba ta motsa ba. Gam ta sani, kowa ma a wurin ya sani, don a shagon gyaran farce ba mai ɗaga kai daga aikinta, amma ba abin da ke wuce kowa.

Dokar Yaya Phung, mai shagon, guda ɗaya ce, kuma ba ta rubuta ta a ko'ina ba: duk wadda ta fitar wa kwastoma jini sau uku a wata ɗaya, ta ajiye hantsaki. Ba korarta za a yi ba. Can baya za ta koma, wajen kujerun wankin ƙafa, tana tara ruwa, tana goge kaushi, tana miƙa tawul. Ran nan sha ɗaya ga wata, Gam ta riga ta ci biyu.

Gam fa! Matar da ta shekara goma sha tara a tebur na ɗaya, na jikin taga, a wannan shago na Pasadena da ke gefen Houston. Akwai matan da ke tuƙo mota minti arba'in don ita, in suka tarar tana da mutum su zauna su jira, ko da sauran ma'aikatan na zaune suna hamma. A tsawon shekarun nan ba a taɓa jin an ce Gam ta yanki wani ba. Shi ya sa da Misis Pruitt ta fita, ba hannunta ta duba ba, hantsakin ta ɗaga sama tana juya shi a hasken taga.

Ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai siririn baki, da shi ake tsinke matacciyar fatar gindin farce. Kaifinsa aikin mai washi ne, amma zamansa a hannu na sifirin ne, ɗan ƙarfen da ke tsakanin mariƙansa biyu, mai buɗe bakin bayan an matse. Sifirin iri uku ne, kuma Gam ta daɗe da yanke wa kowanne hukunci, da ƙarfi, kowa na ji. Mai harshe ɗaya shi ne na gwanaye, don ke za ki lanƙwasa harshen da kanki ya yi daidai da hannunki. Mai harshe biyu na 'yan makaranta ne da ba su san abin da suke so ba. Shi kuwa mai murɗaɗɗiyar waya, mai laushin nan, na waɗanda hannunsu ya mutu ne. Lokacin da Yaya Nhan, wata daɗaɗɗiyar ma'aikaciyar shagon, ta sayo irinsa, shekara shida da suka wuce, Gam ce ta fara cewa, “To, Yaya, sai mu fara shirya miki liyafar sallama ke nan.” Aka yi dariya. Ba a yi wata huɗu ba Nhan ta bar aiki, tun daga nan kuma ba wadda ta sake shigowa da irinsa shagon.

Da ta duba, sai ta ga harshen hantsakinta a kwance, ya kusa manne wa mariƙi. In harshe ya kwanta haka bakin ba ya buɗewa sosai, sai ya riƙe fata maimakon ya yanke ya saki, kina janye hannu ya yage ta. Ta ja aljihun tebur ta fito da sauran. Shida gare ta, kowanne da ɗigon koren jan farce a gindi, alamarta ke nan, kamar yadda kowace ma'aikaciya ke da launinta don kada kaya su cakuɗe. Huɗu daga cikin shidan harshensu a kwance yake.

Ranta ya ɓaci. Ƙarfe ba ya kwantawa da kansa. Wani ne ke taɓa mata kaya.

Ba ta sha wahalar neman ko waye ba, tana juya kai ta gan ta. Dao, mai tebur na biyu, shekara talatin da ɗoriya, ta zo daga Louisiana shekara biyu da suka wuce da hantsukanta masu harshe biyu da dariyarta mai ƙara. Hannunta da sauri, bakinta ya fi hannun sauri, Turancinta kuma kamar a nan aka haife ta. Wa zai koma tebur na ɗaya in Gam ta tafi goge kaushi? Dao. Wa ke tattara ƙarafan kowa ta zuba a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta? Dao ce, ita ta roƙi aikin da bakinta, wai tana so ta taimaka. Gam ta ce a ranta, taimako, ai kuwa na ga taimako.

Da tsakar rana suka taru a ɗakin baya, kowa da kwanon shinkafarta. Dao ta yanka ɗanyen mangwaro, ta kwaɓa gishiri da barkono, ta turo farantin gaban Gam.

“Anti Gam, ɗauki mana. Na ga yau kin yi shiru.”

“Na ƙoshi.”

“Hannun lafiya dai?”

Gam ta ajiye tsinkayen cin abincinta. “Wane hannu?”

“A'a, na ga kamar kina shafa mai da safe, shi ne na tambaya.”

“Iskar na'urar sanyaya ɗakin nan ce da ke hura ni kullum. Ke dai ki ji da naki hannun, tunda ya iya shiga inda ba a aike shi ba.”

Dao ta buɗe ido ta dubi sauran, ta ɗaga kafaɗa, ta ci gaba da cin mangwaronta. Gam ta lura har da yadda ta ɗaga kafaɗar. Mai gaskiya da ta tambaya, me kike nufi? Wannan ba ta tambaya ba. Sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya: murafan kwalaben jan farcenta da ake ɗaurewa tamau kwanan nan har sai ta sa tawul kafin ta buɗe, kujerarta da take jin kamar an rage mata tsayi, da wannan tambayar hannu da aka jefo a gaban mutane don ta shiga kunnen Yaya Phung. Ashe an daɗe ana shirya mata, ita tana zaune baki sake.

Laraba ranar hutunta ce. Ba ta jira zuwan Kawu Bay mai washi ba, wanda ke zagaya shaguna duk bayan mako biyu yana karɓar ƙarafa a ɗaure da roba. Ta naɗe hantsukanta shida a ƙyalle ta tuƙa har gidansa, can bayan titin Bellaire. A garejinsa ta same shi, da singileti da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, fanka na kaɗa zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tun a Saigon yake washi, kuma ya fi sanin matan shagunan Houston ta ƙarafansu fiye da ta fuskokinsu.

“Masu koren ɗigo da kansu! Lafiya, Gam? Ko na ɓata miki wani ne?”

“Kawu, duba min harsunan nan ka faɗa min gaskiya.”

Ya miƙa mata kofi mai madara da ƙanƙara, ya zauna ya sauke tabarau na biyu. Ya daɗe yana dubawa.

“Ai na san da wannan,” in ji shi. “Wata takwas ke nan. Duk zuwan da za su yi sai na ɗaga harshen na mayar da shi yadda kike so tun da can. Bayan mako biyu su dawo min a kwance.”

“Wata takwas! Kawu, kuma ba ka faɗa min ba?”

“Na ɗauka kin sani.”

“Ta ina zan sani? Ni na ce a yi?”

Ya nuna mata wani ɗan ƙarce a bayan harshen da bakin farcensa. “Kin ga nan? Jikin wani kaifi ake dannawa, kamar gefen katako. Kullum wuri ɗaya, ba ya sauka ba ya hawa. Mutum ɗaya ne ke yi.”

“Na san ta,” in ji Gam. “Na rantse na san ta.”

Kawu Bay ya dube ta ta saman tabarau. Daga nan ya dubi kofin, wanda ta riƙe da hannu biyu. Ta ga inda idonsa ya tsaya, ta ajiye kofin a kan benci.

Ya gyara mata shidan tsaf, yana gwada kowanne kusa da kunnensa. Da ya gama sai ya ja wata akwati ya ciro sabon hantsaki a cikin leda, mai murɗaɗɗiyar waya.

“Tafi da wannan ki gwada. Laushi gare shi wajen matsewa, amma yana buɗe baki har ƙarshe. Kuma ba mai iya lanƙwasa shi, ko waye.”

Gam ta ji kamar ya watsa mata ruwan kofin a fuska. “Haba, Kawu! Ni? Ni za ka ba wa hantsakin Yaya Nhan? Ka ga na yi kama da wadda ta zo sallama?”

“Ni ƙarfe nake sayarwa, ban san ta sallama ba.”

“To ka ajiye wa tsofaffi.”

“In ba kya so ki ba wa wani,” ya ce, ya cusa shi cikin jakarta. Girmansa ne kawai ya hana ta ciro shi ta dire masa. Ta tafi tana mita har mota, tana cewa shi ma tsufa ya fara taɓa shi, ko kuma, wa ya sani, wata ta riga ta zuwa ta karanta masa.

Ranar Alhamis ta riga kowa zuwa. Ta ajiye lemo biyu a ɗan wurin bautar da ke bakin ƙofa, ta kunna turare, ta roƙi abu ɗaya: a nuna mata mai yi. Ta shafa koren man zafi a gindin babban yatsanta tun kafin wani ya shigo, ta wanke hannu don kada a ji ƙamshin. Sannan ta jera hantsukan nan shida, ta duba harsunansu ɗaya bayan ɗaya, duk a tsaye suke yadda Kawu Bay ya bar su. Yau da kanta za ta kai su tukunya, ta tsaya a kai, ta kwaso abinta. Ko abincin rana a teburinta ta ci shi, tana kallon titi.

Sau ɗaya tak ta tashi, wajen ƙarfe biyu, ta zaga bayi. Ba ta yi minti uku ba. Tana fitowa ta hango Dao na barin gefen teburinta da wani abu a hannu.

Ta zauna, ta ɗauki hantsakin da take aiki da shi, ta juya. Harshe a kwance. Ta ɗauki na safe. Shi ma a kwance.

A irin shagunan nan in za a yi faɗa a gaban kwastoma, da murmushi ake yi, cikin harshen gida da kwastoma ba sa ji, kamar ana hirar yanayi. Haka Gam ta fara, fuskarta a sake, tana goge farcen wata yarinya 'yar jami'a.

“Dao, me kika ɗauka a teburina?”

“Ruwan cire jan farce, Anti. Nawa ya ƙare.”

“Shi kaɗai kika taɓa?”

“Me kuma zan taɓa?”

“Abin da kika shekara kusan guda kina taɓawa. In teburin kike so, ki buɗe baki ki roƙa kamar 'yar mutane. Ba sai kin sa na yanka bayin Allah ba.”

Dao ma murmushin take yi wa matar da ke gabanta, amma wuyanta ya yi ja. “Anti, ki iya bakinki. Ina ganin girmanki.”

“Girmana? A ina kika ajiye shi, cikin tukunya?”

Yaya Phung ta taso daga wajen karɓar kuɗi, ta tsaya tsakaninsu tana gyara furannin roba. “Ku bari mutane su fita,” ta ce a hankali. “Wadda ta ƙara magana, ta ɗauki jakarta.”

Kamar an roƙa, hadari ya haɗo, wajen ƙarfe uku aka kece da ruwa irin na Houston, wanda ke mayar da wurin ajiye motoci tafki. Kwastoma ta ƙarshe ta ruga mota da jaka a ka, ba wadda ta sake shigowa. Gam ta zube hantsukan a teburin Yaya Phung, ta zayyana komai: wata takwas, ƙarcen bayan harshe, abin da Kawu Bay ya ce, murafan kwalabe, har da kujera. Ta nuna kyamarar da ke saman ƙofa, wadda aka sa saboda ɓarayi, wadda kuma ke kallon tebur na ɗaya kai tsaye.

“A kunna. Yau kowa zai gani.”

Yaya Phung ta dube ta. Sun san juna tun suna ɗinki a masana'anta ɗaya, kafin ɗayansu ta taɓa riƙe hantsaki.

“Gam, zo mu shiga baya mu duba a wayata, ni da ke.”

“A'a, Yaya. A gaban kowa aka ci min mutunci, a gaban kowa za a wanke ni. A sa a babbar talabijin.”

“Ina ba ki shawara ne.”

“Ko ke ma kina ciki ne?”

Wannan maganar ta yi wa Yaya Phung zafi, an gani a fuskarta. Ta latsa waya, talabijin ɗin bango da ke nuna masu dafa abinci tun safe ya koma nuna shagon daga sama. Ma'aikata biyar suka matso. Dao ta tsaya can gefe ta harɗe hannuwa.

Aka kai ƙarfe biyu. Ga Gam ta tashi ta nufi bayi. Ga Dao ta taso, ta miƙa hannu ta ɗauki kwalbar ruwan cire jan farce, ta juya. Hantsukan na kan tawul, ko kallonsu ba ta yi ba.

“To ba lokacin ba ne,” in ji Gam. “A koma baya. A fara tun safe.”

Aka koma ƙarfe tara da rabi. Ga ta nan da kwastomar farko, kai a sunkuye, tana aiki. Ta gama yatsa uku. Matar ta faɗi wani abu, Gam ta ɗago tana dariya, tana ba ta amsa. Tana cikin dariyar, idonta na kan fuskar matar, sai hannunta na dama ya sauka gefen tebur da hantsakin, ya ɗora harshen a kan kaifin katako, ya danna da tafi. Ya saki. Ya yarfa babban yatsa sau biyu a ƙarƙashin tebur, ya dawo sama ya kama yatsa na huɗu.

Ma'aikatan suka juyo suka dubi Gam.

“Wannan ai gyara shi nake yi,” in ji Gam, muryarta ta sirance. “Kowa na yi.”

Yaya Phung ba ta tsayar ba. Goma saura kwata, hannun ya sake sauka, ya danna. Goma da minti biyar, ya danna. Kowane karo Gam ta talabijin tana magana ne, ko tana kallon titi, ko tana miƙa wa wata ruwa, ba ta taɓa duban abin da hannun ke yi ba ko sau ɗaya. Wajen sha ɗaya aka ga ta ɗauki kwalbar jan farce ta murɗa, ta kasa, ta waiga ta harari bayan Dao, ta sa tawul. Da kwastoma ta tashi, sai ta cusa hannun tsakanin gwiwoyinta ta matse, ta runtse ido. Wannan ma ba ta san tana yi ba.

Gam ɗin da ke tsaye a shagon ta kai yatsa gefen teburinta ta shafa. Akwai wani ɗan kwarmi a wurin, ya yi santsi, fentin ya goge har katako ya fito. Shekara nawa tana goge teburin nan safe da yamma, ba ta taɓa ganinsa ba.

Kunya ta rufe ta tun daga ƙafa har ka. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige. Amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne tsoro, don matar da ta gani a bango tsohuwa ce mai ciwon hannu, kuma kowa ya gan ta tare da ita.

Yaya Phung ta kashe talabijin.

“Tun bikin sabuwar shekara nake ganinki kina yi,” in ji Dao. Hawaye ya cika mata ido, na haushi. “Na ɗauka kin sani. Sau uku ina tambayarki hannu, sau uku kina hararata. Ni ce mai shiga inda ba a aike ni ba, ko? Ni na bar 'ya'yana biyu a gida na zo nan don in lanƙwasa miki ƙarfe? Teburin banza, Anti! Nan ne ma rana ta fi duka.”

“Ya isa, Dao,” in ji Yaya Phung. Ta juyo wajen Gam. “Doka dai tana nan yadda take. Biyu gare ki, ba uku ba, tebur naki ne. Amma saura kwana goma sha bakwai wata ya ƙare, kuma na ga abin da na gani. Ki je likita ya duba yatsan nan. Abin da za ki riƙe kafin nan, ke kika sani.”

Gam ta koma ta zauna. Hantsukanta shida na gabanta, an dawo mata da su kan tawul. Huɗu har yanzu harshensu a tsaye, kyawawa, masu kaifi. In ta ɗauki ɗaya, kafin ta gama hannu guda za ta kwantar da shi ba tare da ta sani ba, ko kuma ta sa ido ta hana kanta, yatsan ya gaza a tsakiyar yanka. Ko ta wace hanya jini na uku na nan tafe. Ta san haka sarai, kamar yadda da ta sani in a hannun wata ta gani.

Ruwa ya tsagaita. Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara, wata mata doguwa ta shigo tana kakkaɓe lema, ta ce gyaran hannu take so. Layin Gam ne. Kowa ya koma teburinsa ya sami abin gogewa, kuma kowa na kallo.

Gam ta sunkuya ta jawo jakarta daga ƙarƙashin tebur. Ta lalubo ledar Kawu Bay, ta yage ta da haƙori. Murɗaɗɗiyar wayar ta yi ƙyalli a hasken taga, ba wadda ba ta gane ta ba. Wata daga baya ta ja numfashi. Gam ta matse shi sau ɗaya a tafinta, ya shige ba gardama, ya buɗe baki har ƙarshe. Daɗin da yatsanta ya ji ya ba ta haushi ƙwarai.

Sabon ƙarfe ba ya taɓa jikin mutum sai ya shiga tukunya. Ta miƙe, ta taka taku biyun da ke tsakanin teburinta da na Dao, ta ajiye shi.

“Ƙanwata, karɓi matar nan, layina ne na ba ki. In kin gama ki sa min wannan a tukunya.” “Abin da na faɗa miki, ban kyauta ba. Ki yi haƙuri.”

Dao ba ta ɗago ba. Ta dubi hantsakin, ta juya shi da ɗan yatsa.

“Ba alama a jikinsa,” ta ce. “Zai shiga cikin na mutane.”

Ba zai shiga cikin na kowa ba, shi kaɗai ne irinsa a shagon, su biyun duk sun sani. Amma Gam ta koma ta ɗauko kwalbar koren jan farcen da take ɗiga wa kayanta tun shekara goma sha tara da suka wuce. Ta kama murfin ta murɗa. Bai motsa ba. Ta sake murɗawa har zafin ya harba mata zuwa gwiwar hannu. Tawul na nan kusa, ta dube shi, ta bar shi a inda yake.

Ta miƙa wa Dao kwalbar.

“Buɗe min,” ta ce.